Daniel Amokachi: Bijimin Kaduna Da Ya Koyi Zama A Benci

Wanda ya bi hanyar Kura zuwa Bunkure da maraice a lokacin rani zai ga abu biyu. Ga magidanta suna rufe bakin lambatu bayan sun shayar da tumatir da alkama, ga kuma samari a filin makaranta suna bin ƙwallo cikin ƙura. Da yawa cikin yaran nan burinsu su buga wasa a Turai. Wani ma ya riga ya faɗa wa ubansa cewa ba shi da bukatar makaranta ko gona. Domin irin gidajen nan muka kawo labarin wani ɗan Arewa da ya kai inda suke marmarin kaiwa.

An haifi Daniel Amokachi a Kaduna ran 30 ga Disamba, 1972. A ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna ya fara yin suna. Clemens Westerhof, Baturen Holan mai horar da 'yan wasan Nijeriya, ya gan shi, ya tafi da shi gasar kofin Afirka a Aljeriya cikin 1990, yana da shekara 17 kawai. A shekarar nan ƙungiyar Club Brugge ta Beljiyam ta ɗauke shi. Saboda faɗin ƙirjinsa da yadda yake kutsawa cikin masu tsaron baya, aka laƙaba masa suna Bijimi.

Cikin 1994 Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya, yana cikin 'yan wasa. Sa'an nan a gasar kofin duniya a Amurka ya ci Bulgeriya ƙwallo ɗaya, ya ci Girka ɗaya. Everton ta Ingila kuwa ta saye shi a kan fam miliyan 3.

A Everton abin bai zo masa da sauƙi ba. Aka canja mai horarwa, sabon, watau Joe Royle, ya riƙa ajiye shi a benci. Ran 9 ga Afrilu, 1995, suna karawa da Tottenham a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, sai Paul Rideout ya ji ciwo, ana duba shi a gefen fili. Royle yana jira ya ga ko zai iya komawa. Amokachi bai jira ba. Ya tashi ya shiga fili ba da umarnin maigidansa ba. Kafin a tashi ya ci ƙwallo biyu, Everton ta yi nasara da ci 4 da 1, daga baya kuma ta ɗauki kofin a hannun Manchester United. Har yau ana ba da labarin nan da dariya, amma da ƙwallayen ba su shiga ba, da dariyar ba ta yiwu ba.

Cikin 1996 ya koma Besiktas ta Turkiyya. A shekarar nan ce kuma, a wasannin Olimfik na Atlanta, ya ci ƙwallon da ta farke wa Nijeriya 2 da 2 da Ajantina, aka tashi 3 da 2, suka dawo gida da lambar zinariya.

To, a nan ne ya kamata samari su kasa kunne. A gasar kofin duniya ta 1998 a Faransa wasa ɗaya tak ya buga, gama gwiwarsa ta samu rauni. Shekarunsa 25 a lokacin. Bayan ya bar Besiktas cikin 1999, wata ƙungiya a Jamus ta so ɗaukarsa, amma da likitoci suka auna shi aka fasa. Haka ya sake faruwa a Ingila. Mutumin da ba ya iya haƙurin zama a benci, ga shi gwiwa ta zaunar da shi tun bai cika shekara 30 ba.

Bai zauna yana ta ba da labarin jiya ba. Ya koma koyon sana'ar horarwa, ya riƙe Nasarawa United ta Lafiya. Sa'ad da aka ba Stephen Keshi ƙungiyar ƙasa cikin 2011, Amokachi ya zama mataimakinsa. Aikin mataimaki ba na a yaba ba ne: shi ke tsayawa a rana yana maimaita wa yaro abu ɗaya sau goma, shi ke rarrashin wanda aka bari a benci, maganar ƙarshe kuwa ta wani ce. Ran 10 ga Fabrairu, 2013, a Johannesburg, Nijeriya ta ci Burkina Faso 1 da nema, ta ɗauki kofin Afirka bayan shekara 19. Amokachi yana gefen fili, ƙwallon kuwa wani yaro ne mai suna Sunday Mba ya ci. Cikin 2016 ma ya yarda ya tafi Oulu a ƙasar Finlan mai tsananin sanyi, ya horar da wata ƙaramar ƙungiya, JS Hercules.

Mutanen Kura da Bunkure sun san wannan darasi a gonakinsu. Kafin a gama madatsar Tiga cikin 1974, ruwan damina yakan wuce a Kogin Kano, rani ya zo a zauna hannu rabbana. Da aka tare shi, ga shinkafa, ga albasa, ga tumatir har Legas. Ƙarfin ƙuruciya ma damina ce, 'yan shekaru ne. Abin da mutum ya tara a ka da hali, shi yake sha da rani.

Saboda haka, iyaye, kada ku fasa ƙwallon yaro don fushi, gama ba ku san baiwar da ke ƙafarsa ba. Amma ku tsaya a kan ya gama makaranta, ya kuma iya ban ruwa ko wata sana'ar hannu. Kai kuma saurayi, in malaminka ya ce zauna, ka zauna, ka buɗe ido ka ga yadda ake shirya wasa. Wata rana wataƙila kai ne za ka ce da ɗan wani ya zauna.