Fitilar inji ta kama a tablo: a auna kafin a sayi sabuwar sond

Mota na tafiya lafiya lau, inji bai sauya murya ba, babu baƙin hayaƙi, babu zafi, amma ga wata ƴar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a tablo ta ƙi mutuwa. Kusan duk mai motar okazon a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san wannan fitila. Wasu sukan manna mata takarda don kada ta dame su, wasu su sa a cire ƙwanta gaba ɗaya. Masu kula kuwa sukan nufi garaji, a jona wa motar akwatin binciken nan da makanikai ke kira baliz, lamba ta fito, misali P0135, sai a ce musu sond ta mutu, su kawo kuɗin sabuwa. Sau da yawa maganar gaskiya ce. Amma akwai masu motar da suka biya, aka ɗaura sabuwa, bayan kwana biyu fitila ta dawo inda take.

Batun ya wuce na ƙwan fitila, domin sond ce ke tsare mai a inji, shi kuwa mai ya daina zama abin wasa. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, man ruwa-ruwa da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya ya rasa arahar da aka san shi da ita. A watan Maris na 2025 kuma an ga dogayen layuka a gidajen mai na ƙasar nan, lokacin da abin da matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa ya kasa biyan buƙata. Ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata da ɗan kasuwar da ke lissafin riba, kowanensu ya san darajar lita guda.

Hancin inji

Injin fetur yana ƙona mai sosai ne idan aka haɗa giram 14,7 na iska da giram 1 na mai. In mai ya yi yawa, ragowar ta bi hayaƙi a banza. In ya yi kaɗan, inji ya yi rauni ya riƙa sarƙewa. A tsofaffin motoci masu karbirato, makaniki ne ke daidaita wannan haɗi da sukundireba da kunnensa. A motocin zamani kwamfutar inji ce ke yi, kuma mai ba ta labari ita ce sond lambda, wato ma'aunin iskar oksijin da ke ɗaure a jikin bututun hayaƙi. Tamkar hanci take: tana sansanar hayaƙin da ya fito, ta aika wa kwamfuta ƴar wuta tsakanin bolt 0,1 da 0,9. In wutar ta yi ƙasa, iska ta yi yawa, sai kwamfuta ta ƙara mai. In ta yi sama, mai ya yi yawa, sai ta rage. Haka suke yi ba tsayawa muddin inji na aiki.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da ita, kuma motocin Volvo ne suka fara ɗaukar ta a 1976. Dokar hayaƙi ta Turai ta farkon shekarun 1990 ta tilasta sa wa motocin fetur tukunyar tace hayaƙi, wato katalizer, wadda ba ta aiki daidai sai da sond. Daga 1996 a Amurka, daga 2001 a Turai, dole ne sabuwar motar fetur ta zo da kafar bincike mai ramuka 16 da lambobin cuta iri ɗaya. Waɗannan motoci ne suka tsufa a can, suka sauka a tasoshin ruwan Kwatano da Lome, suka iso hannun ƴan Nijar.

Me risho ke yi a ƙasar zafi?

Zuciyar sond wani farin tangaran ne da ake kira zirkoniya, wanda ba ya ba da labari sai ya kai zafin digiri 300 zuwa 350. Sond ɗin farko hayaƙi kaɗai ke zafafa su, abin da kan ɗauki mintoci, kuma in mota ta daɗe tsaye inji na aiki a hankali sai su sake hucewa. Saboda haka a 1982 aka sa musu ɗan rishon lantarki a ciki, wata siririyar waya da ke ɗaukar wutar batir ta yi zafi, ta kai sond ga aiki cikin ƙasa da minti guda.

Akan ji wasu a garaji suna cewa wannan risho na ƙasashen sanyi ne, a nan rana ta wadatar. Lissafi bai yarda da su ba. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Tawa ke kai digiri 45, tazarar da ke tsakaninsa da digiri 350 ba ta ragu da komai ba. Sabbin sond masu auna haɗin iska da mai daki-daki, irin na Toyota da yawa na bayan shekarar 2000, su sai zafi ya haura digiri 600 suke aiki, wanda hayaƙi shi kaɗai ba ya riƙe musu. In rishonsu ya mutu, sun kurumce ke nan.

Muddin sond ba ta yi zafi ba, kwamfuta da ka take zuba mai, kuma takan zuba fiye da kima don kada inji ya mutu. Wanda ya fi cutuwa shi ne mai gajeriyar tafiya: daga gida zuwa biro, daga biro zuwa lekol ɗaukar yara, daga shago zuwa kasuwa. Da daɗewa buji su yi baƙi, man da bai ƙone ba ya riƙa isa katalizer yana cin ta, ita kuwa tsadarta ta ninka ta sond sau da yawa.

Abin da lamba ke faɗa

P0135 na nufin an sami matsala a hanyar wutar rishon sond ta farko, wadda ke gaban katalizer. P0141 ta sond ta biyu ce, wadda ke bayanta. A inji mai layi biyu na silinda, kamar V6 da V8, P0155 da P0161 na ɗaya ɓangaren ne. Akwai kuma P0030, P0031 da P0032, masu nuna yankewa, ƙarancin wuta ko yawanta a wayar da kwamfuta ke sarrafa risho da ita. Sond ta farko ce ke da hannu sosai a shan mai. Ta biyu babban aikinta gadin katalizer ne, amma in aka bar fitila a kunne dominta, ranar da babbar cuta ta zo ba wata fitilar da za ta ba da labari.

Abin lura shi ne kalmar hanya. Kwamfuta ba ta ganin sond da ido. Wutar da ke wucewa kawai take aunawa. Wutar nan tana tasowa daga batir, ta bi ta fuzibul da rale, ta bi waya zuwa fish ɗin da ke haɗa sond da mota, ta ratsa risho, ta koma kwamfuta, wadda ke kunna ta da kashe ta. Ko'ina ta yanke a wannan tafiya, lamba ɗaya ce za ta fito.

Bincike daki-daki

Ƙwararren mai gyaran wutar mota yakan fara da rubuta lambar kafin ya goge ta. Sa'an nan ya bari inji ya huce, ya duba da ido: ko waya ta kwanta a kan bututun hayaƙi ta narke, ko ɓera ya gaigaye ta, ko fish ya yi tsatsa, ya cika da laka ko man inji. Bayan haka sai fuzibul. In lambobin sond biyu suka fito tare, shi ne abin zargi na farko, domin a motoci da yawa fuzibul ɗaya ke ciyar da su. Wanda ya ƙone kuwa akwai abin da ya ƙone shi. In aka sa sabo ya sake ƙonewa, wata waya ce ke taɓa ƙarfen mota. Ɗaure shi da zaren waya ko takardar azurfar kwalin taba, kamar yadda wasu ke yi, hanya ce ta ƙone kwamfuta ko motar ɗungum.

Daga nan sai a zare fish a ɗauko miltimetir. A sond mai waya huɗu, biyun da suka yi launi ɗaya su ne na risho: farare a ta Bosch, baƙaƙe a ta Denso da ke cikin yawancin Toyota. A auna tsakaninsu sond na sanyi. Lafiyayyen risho kan nuna om kaɗan. A Toyota da yawa, om 11 zuwa 16 ga sond ta gargajiya, wajen om 2 zuwa 3 ga sabuwar irin, kuma littafin kowace mota na ɗauke da adadinta. In ma'auni bai nuna komai ba, waya ta tsinke a ciki, risho ya ƙone, babu gyara sai sauyi. In ya nuna kusan sifiri, ko aka sami haɗi tsakanin wayar risho da jikin sond, nan ma ta tashi aiki.

In risho lafiya yake, to kada a taɓa sond, a juya ga fish na ɓangaren mota. A buɗe kontak, a wasu motoci sai an tada inji, a nemi bolt 12 a wayar da ke kawo wuta. In babu, cutar na baya, a rale ko a waya. In akwai, saura wayar da ke komawa kwamfuta: a haɗa ƙaramar fitilar gwaji tsakanin ramukan risho biyu, a tada inji, ya kamata ta kama ko ta riƙa ƙiftawa. In ta yi shiru, a bi wayar har bakin kwamfuta. Ita kwamfutar ba a zargin ta sai an wanke kowa, domin ba safai take lalacewa ba. Duk aikin nan bai kai rabin awa ba a hannun wanda ya iya.

Abin da ke kashe shi a hanyoyin ƙasar nan

Tsufa ne na farko: motar da ta iso da kilomita dubu 200 a kanta ta riga ta ci rabon rishonta. Sai ruwa. Tangaran mai zafi in ya gamu da ruwan sanyi yakan tsage, ko a kududdufin damina ko a wurin wankin mota inda ake feshe inji da tiyo yana da zafi. Sai girgizar hanyar burji da ke sassauta fish ta goge fatar waya. Sai masu walda, waɗanda in sun gyara salansa sukan bar waya tana lilo kusa da ƙarfe mai zafi. Akwai kuma motocin da aka yanke wa katalizer don ƙarafa masu tsada da ke cikinta, aka datse wayar sond ta biyu aka cusa ta a lungu; mai sayen okazon ya leƙa ƙarƙashi kafin ya biya, ya kuma tabbatar fitilar inji na kamawa in an buɗe kontak, ta mutu in inji ya tashi. Wadda ba ta kamawa sam, mai yiwuwa an cire mata ƙwai ne.

In sauyi ya zama dole

Araha ba ta ado. Sond biyu kan yi kama a ido, zarensu ɗaya, kile mai lamba 22 ke kwance su duka, alhali rishonsu ya bambanta. In aka ɗaura ta om 14 inda kwamfuta ke jiran ta om 3, fitila za ta dawo ko da sabuwa ce fil. Don haka lambar da ke jikin tsohuwar ake bi, ko a shagon Yamai ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Ta okazon a auna rishonta a gaban mai shago kafin kuɗi su fita aljihu. Kada a zuba giris ko mai a cikin fish, domin wasu sond ta cikin wayoyinsu suke shaƙar iskar waje. Bayan gyara a goge lamba, a yi tafiya biyu ko uku ana barin inji ya huce a tsakani, tun da motoci da yawa ba sa kunna fitila sai sun ga laifi sau biyu a jere.

Mai mota ba sai ya zama makaniki ba. Ya ishe shi ya yi tambaya uku kafin ya buɗe aljihu: Malam, wace lamba ce ta fito? An duba fuzibul da waya? Om nawa risho ya nuna? Makanikin ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, ma'auni zai ɗauko ya nuna. Wanda ya ce ba sai an auna ba, to akwai wani garajin a gaba.