Bayan Maganin Tairoid: Me Ke Sa Yatsu Mutuwa?

A gaban wuya akwai wata 'yar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi da likitoci ke kira tairoid, ita ce idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Idan ta wuce gona da iri wajen aiki, sai zuciya ta riƙa dukan uku-uku, hannu na rawa, gumi na zuba, mutum na ci amma yana ramewa. Hanyoyin ladabtar da ita uku ne: ƙwayoyi irin su kabimazol, ko tiyata, ko aidin mai tiririn nukiliya, wanda likita Saul Hertz ya fara ba marar lafiya a Boston ta Amurka a 1941.

To, an yi magani, zuciya ta kwanta. Sai kuma ga yatsu sun fara mutuwa, ana jin kamar kiyashi na yawo a tafin hannu. Nan ne 'yan dubiya kan yanke hukunci cewa sanyi ne. Likita kuwa tambayarsa ta farko ita ce: yaushe abin ya fara?

Idan kwana ɗaya zuwa uku ne bayan tiyata, ana zargin kalshiyam. A bayan tairoid akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, su ke daidaita kalshiyam a jini. Tiyata kan gigita su. Sai leɓe da kan yatsu su ɗauki tsirawa kamar da allura, wani lokaci hannu ya ƙage, babban yatsa ya lanƙwashe cikin tafi ya ƙi miƙewa. Shi ya sa likita kan ɗan ƙwanƙwasa kumatun wanda aka yi wa aiki, dab da kunne, ya ga ko gefen baki zai motsa. Wannan ƙarancin kalshiyam ba na jiran gari ya waye ba ne, domin yana iya kai wa ga farfaɗiya ko shaƙewar numfashi. Ƙwayoyin kalshiyam da bitamin D kan gyara, kuma ga mafi yawan mutane abin na ɗan lokaci ne.

Wanda ya fi saurin ɓatar da mutane shi ne mai zuwa a hankali, bayan watanni. Aidin ɗin nan yakan kashe tairoid fiye da kima, sai jiki ya koma ƙarancin sinadarin tairoid ɗin da a da ya yi masa yawa. Nama ya riƙe ruwa, ya matse jijiyar da ta ratsa wuyan hannu. Tela sai ta ga allura na suɓuce mata. Cikin dare ta farka tana yarfa hannu. Babban yatsa, manuniya da na tsakiya sun mutu, ɗan ƙaramin kuwa lafiyarsa lau, saboda jijiyarsa daban ce. Ga sanyin jiki, ga ɗaurewar tsoka, ga nauyi na ƙaruwa. Gwajin jini na TSH ne ke tona asiri, maganin kuma lebotairoksin ne, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8 duk sa'ad da aka sauya yawansa.

Sai dai ƙwayar tana da tsirfa. Da ruwa zalla ake shanta, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa awa guda kafin koko ko shayi. Mai shan kalshiyam ko maganin ƙarin jini kuma ya raba su da ita da awa 4, in ba haka ba su hana hanji tsotse ta, ya yi ta sha kullum yatsu na nan yadda suke.

Idan tafin ƙafa ne ke zafi ko mutuwa ta kowane ɓangare, likita kan duba suga da bitamin B12, domin cutar Graves, wadda ta fi haddasa haukan tairoid, tana yawan tafiya tare da cutar da ke hana jiki tsotse bitamin ɗin.