Resistar Akwatin Sipika: Yawan Om Kaɗai Ba Ya Isa

A cikin akwatin sipika akwai ɗan allo da masu gyaran rediyo ke kira kurosoba. Aikinsa raba sauti ne: kauri ya tafi ga babbar sipika, wato wufa, siriri kuma ga ƙaramar sipika, wato tuwita. Kwail da kapasita ne ke rabon. To, me resista ke yi a wurin?

Yawanci tuwita ta fi wufa saurin ɗaukar ƙara. Idan aka bar su haka, kiɗa zai riƙa tsinin kunne. Resista ce ke rage wa tuwita kaifi. Sai dai da yawa suna jona guda ɗaya a gabanta su rufe akwati, kuma a nan ɓarna take. An zaɓi kapasitar ne bisa tuwita mai om 8. Idan ka ƙara om 4, nauyin ya koma 12, iyakar rabon ta sauko ƙasa, sai tuwita ta fara karɓar sautin da ya fi ƙarfinta.

Maganin shi ne resista biyu. Sanya mai om 4 a kan hanyar tuwita, mai om 8 kuma a haɗe da ƙafafunta biyu. Ƙara za ta ragu da kusan desibel 6, amma kapasita za ta ci gaba da ganin om 8 ɗinta.

Ba lallai ka sami om 4 cif a kasuwa ba, 3.9 da 4.7 aka fi sayarwa. Ba matsala. Idan ka jera resista bi-da-bi, om ɗinsu haɗuwa yake yi. Idan ka haɗa biyu masu om 8.2 kafaɗa da kafaɗa, za ka sami 4.1, kuma su raba zafi a tsakaninsu: biyu masu wat 10 sun zama wat 20.

Zafin nan kuwa ba abin wasa ba ne, domin duk ƙarfin da resista ta hana tuwita zafi yake komawa. 'Yar ƙaramar nan mai kwatan wat ba ta wurin ba ce. Nemi farar nan mai jikin siminti, wat 10 zuwa sama, ka ɗaga ta kaɗan daga allo, nesa da kapasita da audugar cikin akwati.

Masu tallar resista mai tsada suna cewa sautinta ya fi daɗi. A ganina, kuɗin ya fi amfani a kan mita. Auna kowace resista kafin ka yi soda, ka tabbata ta akwatin hagu ta yi daidai da ta dama.