Majalisar Birnin Faris (1789–1795)

Majalisar Birnin Faris, wadda ake kira Commune de Paris da Faransanci, ita ce hukumar da ta mulki babban birnin Faransa a lokacin juyin juya halin ƙasar, daga 1789 zuwa 1795. Mazauninta shi ne zauren Hôtel de Ville. Ta yi suna ne musamman daga Agustan 1792, lokacin da wakilan unguwanni suka ƙwace ta, suka mayar da ita cibiyar tawayen da ya kawo ƙarshen sarautar Louis na 16. Daban take da majalisar da ta yi irin wannan suna a 1871.

Kafuwa

An kafa majalisar ne a kwanakin da jama'a suka afka wa kurkukun Bastille, ranar 14 ga Yuli 1789. Washegari aka naɗa masanin taurari Jean-Sylvain Bailly magajin gari, aka kuma ba Lafayette jagorancin dakarun sa-kai na birnin. A 1790 aka raba Faris gida 48. Kowace unguwa tana da taronta da dakarunta, kuma a waɗannan tarurruka ne masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa da leburori, waɗanda ake wa laƙabi da sans-culottes, suka samu bakin magana. Daga nan ƙarfin majalisar ya fito.

Tawayen 10 ga Agusta 1792

A bazarar 1792 Faransa na yaƙi da Ostiriya da Purushiya, jama'a kuma na zargin sarki da haɗa baki da maƙiya. Zargin ya ƙaru bayan da kwamandan sojojin abokan gaba, Duke na Brunswick, ya yi barazanar ɗaukar fansa kan Faris idan aka taɓa gidan sarauta. A daren 9 ga Agusta wakilan unguwanni suka hallara a Hôtel de Ville, suka kawar da tsohuwar majalisar, suka ayyana kansu hukumar birnin. An kashe kwamandan dakaru Mandat, aka maye gurbinsa da Antoine Santerre.

Da gari ya waye aka kai hari fadar Tuileries, inda aka kashe ɗaruruwan dogaran sarki 'yan Suwizalan. Sarki ya nemi mafaka a majalisar dokoki, wadda ta dakatar da shi daga mulki. Ranar 13 ga Agusta aka kai shi da iyalinsa kurkukun Temple, ƙarƙashin tsaron majalisar birni. Robespierre na cikin wakilan sabuwar majalisar, Danton kuma ya zama ministan shari'a.

Kisan Satumba

Daga 2 zuwa 6 ga Satumba 1792, yayin da labarin kutsawar sojojin Purushiya ya firgita birnin, gungun mutane suka shiga gidajen yari suka kashe fursunoni fiye da 1,000, ciki har da limaman coci da masu laifi na yau da kullum. Majalisar ba ta hana ba, kuma an ɗora wa kwamitinta na sa-ido, wanda Marat ke ciki, babban alhaki. Ranar 21 ga Satumba sabuwar majalisar ƙasa ta soke sarauta.

Takun-saƙa da majalisar ƙasa

Wakilan ɓangaren Girondin na ganin bai dace birni ɗaya ya riƙa juya ƙasa baki ɗaya ba. Rikicin ya kai ƙololuwa ranar 2 ga Yuni 1793, lokacin da François Hanriot ya kewaye majalisar ƙasa da dubban dakaru da igwa, har ta amince da kama wakilan Girondin 29. Matsin lambar unguwanni ya kuma taimaka wajen kafa dokar ƙayyade farashin kayan masarufi ta 29 ga Satumba 1793. A ƙarƙashin Chaumette da Hébert majalisar ta ɗauki matakai kan addini: ta shirya Bikin Hankali a cocin Notre-Dame ranar 10 ga Nuwamba, sannan ta ba da umarnin rufe coci-cocin birnin.

Faɗuwa

Kwamitin Tsaron Al'umma, wanda Robespierre ke da ƙarfi a ciki, bai lamunci wata hukuma ta yi gogayya da shi ba. An fille kan Hébert a Maris 1794, Chaumette a Afrilu, aka cike gurabensu da naɗaɗɗun mutane. Wannan ya raba majalisar da unguwannin da suka ɗaga ta. Da aka kama Robespierre ranar 27 ga Yuli 1794, majalisar ta yi kiran tawaye don ceto shi, amma unguwanni kaɗan ne suka amsa. Sojojin majalisar ƙasa suka shiga Hôtel de Ville cikin dare. Washegari aka kashe Robespierre da Hanriot da magajin gari Fleuriot-Lescot, kwana ɗaya bayan haka kuma aka kashe wakilan majalisar kimanin 70.

Abin da ya biyo baya

A 1795 aka raba mulkin Faris tsakanin ƙananan hukumomi 12. Gwamnatocin da suka biyo baya sun ci gaba da ɗari-ɗari da barin birnin a hannun mutum ɗaya. Ban da ɗan lokaci a 1848 da kuma 1870 zuwa 1871, Faris ba ta sake samun magajin gari ba sai 1977, da aka zaɓi Jacques Chirac.