Hanyar Makaranta: Ta Mai Gona Ce Ko Ta Hukuma?

Da rani ba a jin wannan rigima. Sai ruwa ya sauka, manomi ya shiga gonarsa da garma, sannan ƴar hanyar da yara ke bi zuwa makaranta ta fara tsukewa, kunya bayan kunya. Filin da motar ɗaukar yara ke juyawa a bakin gari ya koma gero. Direba ya ce ba zai shiga inda ba zai iya fita ba, ya sauke yara a bakin kwalta inda manyan motoci ke wucewa a guje. Duk wanda ya san ƙauyukan Dingyadi da kewaye ya san wannan hali.

Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne. Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Jega ta Gwamnatin Tarayya ce. Akwai na jiha. Sauran kuwa, wato ƙananan hanyoyin ƙauyuka, Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora ginawa da gyaransu a wuyan ƙaramar hukuma, haɗe da tashoshin mota da sa wa tituna suna. Ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare.

To, matsalar ita ce yawancin hanyoyin makaranta ba sa cikin littafin kowa. Sawun ƙafa ne ya yi su, bisa alherin mai gona. In ya rasu aka raba gado, ko ya sayar, alherin ya bi shi.

Amma doka ba ta yi shiru ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar fili a karkara domin amfanin jama'a. Sai dai dole ta biya diyyar amfanin gona ko ginin da ke kai, in kuma gonar noma ce ta ba mai ita wata a madadi. Ke nan manomin da ya ƙi sakin kunya biyar a banza ba mugu ba ne. Hatsin iyalinsa yake karewa. Laifin na hukumar da ta bar abin a fatar baki ne.

A da shugabannin ƙananan hukumomi kan ce kuɗinsu na maƙale a jiha. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, saboda haka iyaye na da bakin tambaya.

Shawarata ga iyaye, na majami'a da na masallaci duka, tun da yaranmu mota ɗaya suke shiga: ku haɗu da shugaban makaranta, ku bi ta hannun hakimi da uban ƙasa, ku kai takarda sakatariyar Boɗinga ko ta Shagari, gwargwadon inda ƙauyenku ya faɗa. A auna hanyar da wurin juyawar, a kafa turaku, a rubuta, a sallami mai gona. A yi wannan tun cikin watan Maris, kafin a fara sharar gona.