Zaɓen Tarayya na 1959 da Gwamnatin da ta Karɓi Mulkin Kai

Ranar 12 ga Disamba, 1959, aka yi zaɓen da ya fitar da mutanen da Turawa za su damƙa wa ragamar Nijeriya. Kujerun Majalisar Wakilai 312 aka yi takara a kansu, an kuwa raba su bisa yawan jama'a: Jihar Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Duk jam'iyyar da ke son ta kafa gwamnati ita kaɗai, sai ta sami 157.

Babu wadda ta samu. NPC ta Sardauna ta tashi da 134, dukkansu a Arewa. NCNC ta Azikiwe da ƙawarta NEPU suka haɗa 89, takwas daga ciki na NEPU ne. AG ta Awolowo, wadda ta yi ta shawagi da jirgi mai saukar ungulu wajen yaƙin neman zaɓe, ta sami 73, har da 25 a Arewa.

Abin da ke ɗaure wa masu nazari kai shi ne, in an bi yawan ƙuri'a, NPC ce ta uku. NCNC ta haura miliyan biyu da rabi, AG kuwa ta ɗara NPC kaɗan. Dalilai biyu ne suka kawo haka. Na farko, a tsarin da aka aro daga Ingila kowace mazaɓa wakili ɗaya gare ta, wanda ya fi abokan takararsa ko da ƙuri'a ɗaya ce shi ya ci. Dubban da NCNC ta tara fiye da bukata a mazaɓun Gabas ba su ƙara mata ko kujera ɗaya ba. Na biyu, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa ba a ba su wannan dama ba sai a 1976. Wato an ƙidaya matar Arewa wajen rabon kujeru, amma ba a tambaye ta wanda zai hau ba.

To, in an tara 89 da 73, an sami 162 ke nan, sun isa kafa gwamnati. Awolowo ma ya nuna zai yarda Azikiwe ya zama Firayim Minista. Amma tsakanin mutanen biyu akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya tun zaɓen Yamma na 1951, ga kuma fargabar cewa in aka tura jihar da ta fi kowace yawan kujeru zuwa ɓangaren hamayya, tarayyar ba za ta kai ranar mulkin kai ba. Gwamna-Janar Sir James Robertson bai tsaya jiran cinikin jam'iyyu ba, ya kira Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. NCNC ta shiga, aka raba ministoci, NPC goma, NCNC bakwai. Azikiwe ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, daga baya Gwamna-Janar a Nuwamba 1960. Awolowo, wanda ya bar wa Akintola kujerar Firimiyan Yamma, ya zama madugun 'yan hamayya. Sardauna kuwa, shugaban jam'iyyar da ta fi rinjaye, ya yi zamansa a Kaduna.

Wadda ta shiga tsaka mai wuya ita ce NEPU. Ta sami ƙuri'a wajen rabin miliyan, amma kujeru takwas tak, ƙawarta kuma ta ja ta cikin gwamnatin abokiyar gabarta. A Ikko, Malam Aminu Kano yana zaune a ɓangaren gwamnati. A Kano, magoya bayansa suna ci gaba da gurfana gaban kotunan En'e. Ƙawancen NPC da NCNC bai yi ƙarko ba: rigimar ƙidayar 1962 da 1963 ta raba su, suka shiga zaɓen Disamba 1964 kowacce da sababbin abokai.