Ƙwayoyi Masu Rassa da Yaƙi da Ciwon Dajin Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1973 wasu masana biyu na Jami'ar Rockefeller ta Amurka, Ralph Steinman da Zanvil Cohn, suka gano wata irin ƙwayar halitta a cikin saifar ɓera. Siffarta kamar bishiya ce mai rassa, shi ya sa suka raɗa mata suna dendiritik, daga kalmar Girkanci mai nufin bishiya. Wannan bincike ne ya sa aka ba Steinman lambar yabo ta Nobel a 2011, kwana uku bayan ciwon daji ya yi ajalinsa.

Aikin waɗannan ƙwayoyi a garkuwar jiki kamar na ɗan leƙen asiri ne. Idan suka ci karo da baƙon abu, sai su haɗiye shi, su gutsuttsura shi, su ɗauki gutsattsarin zuwa kaluluwa. A can suke nuna wa wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T alamar abokin gaba. Daga nan ƙwayoyin T sai su hayayyafa, su bazu cikin jini suna farautar duk ƙwayar da ke ɗauke da alamar.

To, ina ruwan wannan da ƙwaƙwalwa? Mafi muni daga ciwon dajin da ke tsirowa a ƙwaƙwalwar manya shi ne giliyobilastoma. Ko an yi tiyata, an gasa wurin da haske, an ba da maganin temozolomide, rabin masu ciwon ba sa wuce wata 15. Wani dalili shi ne, ƙarin yana fitar da sinadarai masu kashe kaifin garkuwar jiki.

Dabarar da likitoci suka ɓullo da ita ita ce horar da 'yan leƙen asirin a waje. Ana tace fararen ƙwayoyi daga jinin majiyyaci, a rene su a ɗakin gwaji har su zama ƙwayoyi masu rassa, sannan a haɗa su da narkakken ƙarin da aka cire masa. Bayan haka sai a yi masa allurarsu a fatar dantse.

A 2022 aka bayyana sakamakon gwajin irin wannan allura mai suna DCVax-L, wanda Dokta Linda Liau ta Jami'ar Kalifoniya ta jagoranta, a kan majiyyata 331. Kashi 13 cikin ɗari na sababbin kamuwa sun kai shekara 5 a raye, alhali a waɗanda aka gwada su da su kashi 5.7 ne. Sai dai abin lura ga ɗalibi shi ne, rukunin gwadawar daga wasu gwaje-gwaje dabam aka ɗauko shi, abin da ya sa wasu masana suka ce hujjar ba ta gamsar ba. Ke nan allurar ba warkarwa ba ce tukuna, amma ta nuna cewa ana iya koya wa jiki gane ƙarin da ya ɓoye a cikin ƙwaƙwalwa.